Daga ɗakin gwaji zuwa kujerar shugaban jami'a: riba aka ci ko asara?

Mushe na Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da safe a ajin taminal mun shiga darasin cibiyar ƙwayar zarra, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wanda ya bi karatun nan har ƙarshensa, me yake zama?" Na ba ta amsar da ta zo bakina, amma har na hau babur na iso gida tambayar ba ta sake ni ba. Shi ya sa na kawo muku labarin wata mata, don in koma mata da amsa mai nauyi.

Sunanta Shirley Ann Jackson, baƙar fata ce ƴar Amurka, haifaffiyar birnin Washington a 1946. Ubanta ma'aikacin gidan waya ne. Tana ƙarama takan kama ƙudan zuma ta sa a kwalabe, tana canza musu abinci tana rubuta abin da ta gani. A 1964 ta shiga makarantar MIT, lokacin baƙaƙen fata a can ƴan ƙalilan ne. A 1973 ta fito da dokta a fizik, ita ce baƙar mace ta farko da makarantar ta taɓa ba wannan digiri. Ta yi bincike a Fermilab kusa da Shikago, ta yi a CERN da ke Jeniba, sannan ta shekara 15 a ɗakunan binciken Bell, daga 1976 zuwa 1991. A 1995 Shugaba Bill Clinton ya ɗora ta kan hukumar da ke sa ido a kan tashoshin nukiliyar Amurka, tukwanen nukiliya sama da 100 na ƙarƙashin kulawarta. A 1999 ta zama shugabar jami'ar Rensselaer a garin Troy na jihar New York, ba ta sauka ba sai 2022.

To ga abin da nake son mu baje. Mutum mai irin wannan ƙwaƙwalwa ya ajiye lissafi ya koma sa hannu a takardu da neman kuɗin gini. Kimiyya ta yi riba ko ta yi asara? Ni a ganina riba ce, amma da sharaɗi. Zan faɗi sharaɗin in na ji naku.

Mai Shago a Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Mushe. Ba ita ce ake yawo da hotonta a Facebook ana cewa ita ta ƙirƙiro abin da ke nuna lambar mai kiranka a waya ba? In ita ce, ai ta gama yi wa duniya aiki tun kafin kujera.

Ɗan Mirriya a Kano:
Alhaji, ita ce a hoton, amma maganar ba ta da tushe. Ɗakunan binciken Bell na kamfanin waya ne, daga nan mutane suka haɗa zancen. Aikinta a can lissafi ne kan yadda ilektaron ke tafiya cikin siraran shimfiɗu na irin abin da ake ƙera kayan laturoni da shi. Kuma Mushe, a yi mini afuwa, karatunta na dokta a kan ƙananan ƙwayoyin da suka fi cibiyar zarra ƙanƙanta ne. Harkar tashoshin nukiliya ta ƙofar hukuma ta shige ta.

Mushe na Garin Malam:
Gaskiyarka ƙanena, na karɓi gyara. Haka zan faɗa wa yarinyar.

Dokta:
Mushe, barkanmu da dare. Ni asara na gani, kuma da idona na gani. Na daɗe ina koyarwa a jami'a, na san abin da kujera ke yi wa mai bincike. Akwai wani abokin aikina, tare muka dawo daga karatu, duk cikinmu ba wanda ya kai shi kaifi. Aka ba shi shugabancin tsangaya. Shekarar farko yana shigowa labo ranar Asabar. Ta biyu sai ya riƙa leƙowa ya gaishe mu. Ta uku na shiga ofishinsa na tarar da littafin gwajinsa a ƙarƙashin tarin takardun bursu, ƙura ta rufe shi. Yininsa kaf a kan abincin ɗalibai ne, da motar da ta lalace, da yajin aiki, da wanda aka riƙe wa alawus. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abu na biyu ya fi damuna. A labo amsa ɗaya ce: ko ma'auni ya yarda da kai ko ya ƙaryata ka. A jami'a kuwa ɗaruruwan malamai ne, kowa da hujjarsa, sai da lallashi da sauraro. Wanda ya saba da amsa ɗaya yakan ɗauki mai ja da shi a matsayin wanda bai gane ba. Ita kanta matar da ka kawo, a 2006 malaman jami'arta sun kaɗa mata ƙuri'ar yanke ƙauna, ta tsira da kyar, 155 da 149. Shekarar da ta biyo aka dakatar da majalisar malaman. Kuma an sha sa sunanta a sahun gaba na shugabannin jami'o'i masu ɗaukar albashi mafi tsoka a Amurka, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Yarinyar nan ta cancanci ta ji wannan ɓangaren ma.

Mushe na Garin Malam:
Dokta, ban musa ko ɗaya ba, kuma za ta ji. Amma a ɗora ɗaya gefen a kan sikeli. A 2001, shekara biyu da hawanta, wani da bai yarda a faɗi sunansa ba ya ba jami'ar kyautar dalar Amurka miliyan 360. A 2004 suka buɗe babbar cibiyar binciken kimiyyar halittu, aka ɗauki sababbin malamai masu bincike. Da ta zauna a teburinta, da ta rubuta wasu takardu masu kyau, na yarda. Amma yara nawa suka sa hannu a kan na'ura saboda ta tashi daga teburin?

Kuma ku duba inda ta koyi riƙo. A 1996, tana kan hukumar nan, tashar Millstone ta jihar Connecticut ta shiga matsala kan yadda take karya ƙa'idojin tsaro. Tukwanenta uku suka tsaya, hukumar ta ce ba mai sake tashi sai kwamishinoninta sun kaɗa ƙuri'a. Ɗaya ba ta sake tashi ba har abada, sauran sai a 1998 da 1999. Kamfani na asarar kuɗi kullum, ƴan siyasa na matsa lamba. Wanda bai san fizik ba, injiniyoyin kamfani za su juya shi da turancin lissafi har ya sa hannu. Irin wannan kujera dole masani ya zauna a kanta.

Dokta:
A kan hukumar sa ido mun haɗu. Can umarni ake bayarwa kuma rayuka ne a ciki. Jami'a daban ce. Abin da ya sa ta yi kyau a waccan kujera, shi ne nake zargin ya haɗa ta da malamai a wannan.

Tsohon Arlit:
Ƴaƴana, ina biye da ku tun ɗazu, jikana ke riƙe mini wayar. Kun tafi Amurka kun bar namu a gida. Abdu Mumuni fa? An haife shi a Tasawa a 1929, a nan Damagaram ya fara lakwal kafin ya wuce Yamai, sannan makarantar William Ponty a Senegal, sannan Faransa. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo ta fizik, wato babbar jarrabawar ɗaukar malamai ta Faransa, ba wani baƙar fata na ƙasashenmu da ya riga shi. Bai bi nukiliya ba, rana ya bi. Ya je Tarayyar Sobiyat ya ƙaro sani, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, sannan ya dawo gida a 1969 ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa. Injin dumama ruwa da rana, murhun girki da rana, duk a Yamai aka ƙera su. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai, kuma bai saki ONERSOL ba, yana kanta har 1985. Dokta, ka ga wanda ya tauna taura biyu. Bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa jami'ar sunansa. Tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara cikin harsunansu. Ga mu yau muna fizik da Hausa a waya.

Ni kuma bari in faɗi nawa. Na yi shekaru a ma'adinin uraniyom. Kowace safiya akwai ɗan ma'aunin da ake ɗaura mana, shi ke ƙirga yawan tururin uraniyom da jikinka ya sha. Ƙarshen wata a karɓa a ba ka sabo. Ina ganin garin uraniyom ɗin nan ruwan ɗorawa ana ɗura shi a durom, a rufe, a rubuta lamba, manyan motoci su ɗauka su bi ta Agadas da Tawa su gangara Kwatano. Tun 1971 aka fara fitar da shi daga Arlit. Yaranmu sun fito daga makarantar ma'adinai ta Agadas da takwararta EMIG ta Yamai, sun iya tono, sun iya tacewa har ya zama garin nan, ina alfahari da su. Amma daga inda durom ya hau jirgin ruwa, saninmu ya tsaya. Abin da ke cin raina ke nan har yau. In shugaban jami'a zai iya buɗe ƙofar da ke bayan durom ɗin, to a ba masani kujera.

Ɗiyar Birni:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina shekara ta biyu a fizik. Mushe, tambayar da ake yi mini kullum a gida ita ce, tunda muna da uraniyom, me ya hana a zuba shi a inji a ba mu wuta? Jiya ma da fitilar waya na yi bitar darasi. Ina ba su amsa amma ba ta gamsar da su.

Mushe na Garin Malam:
Ɗiyata, ki ce musu kamar dawa ce da aka cakuɗa iri biyu a buhu ɗaya, kamarsu ɗaya, nauyinsu ne kawai ya ɗan bambanta. Uraniyom ɗin da ake tonowa, a cikin ƙwaya 1000 kusan 7 ne kawai irin da ke tsagewa cikin sauƙi ya ba da zafi, shi ake kira 235. Sauran kusan duka 238 ne. Yawancin tukwanen lantarki suna son 235 ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Kafin a kai nan sai an mayar da garin iskar gas, a juya shi cikin dubban injuna masu wulwulawa da gudun gaske, mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya taru a tsakiya. Namu shekara da shekaru Faransa ya riƙa zuwa, a Malvési a fara sarrafa shi, a Tricastin a ƙara masa ƙarfi. Ƙasashe kaɗan ne a duniya ke da waɗannan injuna, kuma ana sa musu ido ƙwarai, don in ka ci gaba da juyawa har kashi 90 ka isa kayan bam.

Sannan girma. Babbar tukunya guda tana ba da megawat 1000 ko fiye, ya ɗara abin da Nijar duka ke sha a yau. Madatsar Kandaji da muke jira megawat 130 ce. In ka jingina ƙasa a kan tukunya ɗaya, ranar da aka tsayar da ita don gyara kowa ya shiga duhu. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke ba da lantarkin nukiliya, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar na gina tata a El Dabaa.

Mai Shago a Kasuwar Dole:
To Mushe, ka dawo kan maganata ta kullum. In abin ya fi ƙarfinmu, me ya sa za mu tura yaro ya ƙare ƙuruciyarsa a kai? Ni firjina biyu na sayar da ƙanƙara, abin da ya cece ni faranti ne na hasken rana da batir. Hanyar Abdu Mumuni ita ce tamu. A bar wa masu kuɗi nukiliyarsu.

Hajiya ta Zango:
Alhaji, ka yi haƙuri in shigo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba lantarki ne ya kawo ni maganar nan ba. Yayata ta yi ciwon daji na mama shekarun baya. An yi mata aiki, likita ya ce sai an bi da gashi, wato a ƙone ciwon da haske. A lokacin babu injin gashi a ƙasar nan. Muka sayar da fili, muka haɗa gudummawar dangi, muka fita da ita waje. Ni na yi jinyarta. Na ga yadda ake zana mata layi a ƙirji da alƙalami, a kwantar da ita, kowa ya fita a rufe ƙofa mai kauri, minti kaɗan a buɗe. Akwai wani saurayi a ɗakin gefe, ba likita ba ne, fizik ya karanta. Shi ke lissafa yawan hasken da za a harba da kusurwar da zai shiga, don ya ƙone ciwon ya bar zuciya da huhu. Kowace safiya shi ke fara auna injin kafin a kwantar da kowa.

Yanzu alhamdu lillahi tun 2021 akwai gashi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Amma daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ka tuna da matar Gure ko ta Tanut. Ranar da za a kawo injin Damagaram, wa zai zauna a ɗakin gefen nan? Ba a sayo shi a kasuwa, Alhaji. Jami'a ke yin sa.

Mai Shago a Kasuwar Dole:
Allah ya ba da lada Hajiya. Wallahi ban san gashi na cikin wannan karatu ba.

Injiniyan Ruwa:
Ni ma bari in ƙara da abin da kowane Badamagare ya sani a wuyansa: ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, dutsen da ba ya riƙe ruwa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo mana shi, Gogo da Machaya, Arunguza, Ganaram. Da bazara kowa ya san layin bidon da kuɗin ƴan ga-ruwa.

In mun haƙa rijiyar burtsatse muka samu ruwa, akwai tambayar da famfo ba ya amsawa: ruwan nan damina na sabunta shi, ko tsohon ajiya ne da in ya ƙare ya ƙare? Fizik ɗin nukiliya ke amsa ta. Akwai wani nau'in haidirojin mai suna tiritiyom, rabinsa na ɓacewa duk shekara 12 da ƴan watanni. Gwaje-gwajen bam da manyan ƙasashe suka yi a sarari sun watsa shi cikin ruwan sama, ya kai ƙololuwa a 1963. Faransa ma ta tayar da nata na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a 1960. To in ka auna ruwan rijiya ka ga tiritiyom, ruwan sama na bayan nan yana isa wurin. In babu ko ɗigo, sai ka koma kan kabon 14, wanda rabinsa ke ɓacewa a shekara 5730, ya gaya maka ko ruwan ya shekara dubbai a kwance.

Na taɓa ɗibar irin wannan samfur. Kwalba ce ƴar ƙarama, ka cika ta har baki kada iska ta shiga, ka naɗe murfin, ka rubuta wuri da rana. Sannan ka aika waje ka zauna jira wata da watanni. A Yamai akwai cibiyar radiyo-izotof a jami'ar Abdu Mumuni, akwai kuma HANEA, hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Harsashi na nan. Shugaban jami'ar da ya san darajar kwalbar nan zai yi faɗa a kan kuɗin na'urar aunawa kamar yadda wani zai yi a kan sabuwar katanga.

Ɗan Mirriya a Kano:
Yaya, tunda Baba ya dawo da mu gida, a nan Kano ma akwai misali. Farfesa Ibrahim Umar masanin fizik ne, ya riƙe jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986. Ku duba, shekarar da Abdu Mumuni ya hau a Yamai ita ce ya hau a Kano. Da ya sauka bai tsaya nan ba. Ya shugabanci hukumar makamashi ta Najeriya, ya shugabanci majalisar gwamnonin hukumar nukiliya ta duniya a Biyana daga 2000 zuwa 2001, duk a harkar makamashi. A 2004 kuma aka kunna tukunyar bincike ta Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello. Ƴar ƙarama ce, kilowat 30, ƙirar Sin. Ba ta haska ko unguwa ɗaya, aikinta shi ne a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki a gano sinadaran da ke jikinsa. Dokta, shi kujera ba ta raba shi da fanninsa ba.

Malam na Tudun Jamus:
Jama'a, kuna ta lissafin riba, ba wanda ya taɓo amana. Wannan ilimi shi ya ƙone Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945. Ni abin da nake tambaya, wanda hannunsa ya shiga irin wannan aiki, ya dace a damƙa masa tarbiyyar ƴaƴan mutane?

Dokta:
Malam, tambayarka ta faɗa kan mutum guda sak, Arthur Compton. Ya ci kyautar Nobel a 1927 a kan yadda hasken hoton ƙashi ke karo da ilektaron, abin da Mushe ke koyarwa da sunansa. Lokacin yaƙin duniya na biyu shi ya shugabanci ɗakin binciken Shikago inda Enrico Fermi ya kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba 1942. Yana cikin masana huɗun da aka nemi shawararsu a 1945, suka ba da shawarar a yi amfani da bam ɗin. Mafi yawan uraniyom ɗin aikin kuwa daga Afirka ya fito, ma'adinin Shinkolobwe na Kwango. Yaƙi na ƙarewa ya koma shugaban jami'ar Washington ta St. Louis. A zamaninsa, a 1952, jami'ar ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar karatun digirin farko, ko da yake akwai masu ganin ya yi jinkiri a kai.

Na kawo shi ne don ku ga sanin zarra bai sa mutum ya riga kowa ganin daidai ba. Mutumin da ya iya tafiyar da dubban ma'aikata cikin yaƙi, sai da ya shekara bakwai kafin ƙofa ɗaya ta buɗe. Malam, ba ni da amsar ko ya dace. Na dai san ba zan zaɓi shugaba don kaifin lissafinsa kaɗai ba.

Malam na Tudun Jamus:
To a riƙa gaya wa yaran wannan tare da lissafin, a aji ɗaya, a rana ɗaya.

Mushe na Garin Malam:
Na ɗauka Malam. Yanzu ga sharaɗin da na ce. Shekara 14 ina koyar da darasin nan, ban taɓa nuna wa ɗalibi na'urar ƙirga tururi ba. A allo nake zana ta: bututu, waya a tsakiya, kibiya na shiga. Ina ce musu tana yin ƙas, ƙas, ƙas, da bakina nake yin ƙarar. Ni kaina sau ɗaya na riƙe ta, a wani horo, wani tsohon malami ya kusantar da ita ga ɗan dutse, ƙarar ta ƙaru, ya sa takardar dalma a tsakani, ta lafa. Abin da na shekara uku ina haddacewa, a minti ɗaya ya zauna mini. Ɗalibaina suna cin bak da maki mai kyau a kan abin da ba su taɓa ji da kunnensu ba, a ƙasar da ke fitar da uraniyom sama da shekara 50.

Don haka in masani ya bar labo ya hau kujera, ni da abu ɗaya zan auna shi. Ranar da ya sauka, akwai ɗakin gwajin da ke aiki ba tare da shi ba? Akwai yaran da ya tura suka dawo suka tarar da na'ura da wuta da albashi? In akwai, na yafe masa takardun da bai rubuta ba. In babu, Dokta ya yi gaskiya, an yi biyu babu. Jami'armu ta nan ƙarama ce, a 2010 aka kafa ta, yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dokta:
Ma'auninka na karɓa, amma ban sauka daga kan bakata ba. A Amurka in masani ɗaya ya tashi, ɗari na bayansa. A nan wani fannin mutum biyu ne ko uku a ƙasa duka. Ka ɗauke ɗaya, darasi ya mutu, ɗaliban dokta su zama marayu. Ni sharaɗina ya riga naka: kada ya hau sai ya yaye wanda zai gaje shi a labo, kuma ya yi wa'adinsa ya dawo. Shekara 23 da matar nan ta yi a kujera ta yi yawa ko ga wa.

Ɗiyar Birni:
Dokta, in an yi mini izini. A ajinmu mata ba mu da yawa, kuma kullum ana tambayarmu yaushe za mu bari. Ni abin da na riƙe a labarin matar nan shi ne ta shiga inda ba mai kama da ita, ta zauna har ta gama. Hajiya, aikin saurayin nan na ɗakin gefe, me ake kiransa? Ina so in bincika hanyarsa.

Hajiya ta Zango:
Fizik na asibiti suke cewa, ɗiyata. Bayan lisans sai an yi masta a kansa, sannan horo a asibitin da ke da injin. Ki same ni ta akwatin sirri, akwai wadda zan haɗa ki da ita.

Injiniyan Ruwa:
Mushe, ba ni da na'urar ƙirga tururi, amma ina da kwalaben samfur da taswirar rijiyoyinmu. In shugaban makarantarku ya yarda, zan zo in yi musu rabin awa a kan tiritiyom.

Tsohon Arlit:
Ni ma a zo a ɗauke ni, ƙafata ba ta son nisa. Akwai hotunan da na ajiye, da hular aikina. In ga yarinyar bencin bayan nan da idona.

Mushe na Garin Malam:
Baba, ni zan zo da kaina. Ranar Alhamis nake da su, ƙarfe 10 zuwa 12. Gobe da safe zan shiga wurin shugaban makaranta, in ya amince zan sanar a nan kafin azahar. Injiniya, ka taho da kwalba biyu, ɗaya cike ɗaya babu kome, su gwada cikawa da hannunsu.